Tankin da bakinsa ya ƙi haɗuwa

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka yanka gindin tanki mai faɗin santi 70, jikinsa kuma ka yanka 210, da ka naɗe sai bakin ya ƙi haɗuwa, wai ko metir ɗin ne ya lalace? Metir lafiya lau yake. Faɗin ka ninka sau uku, kuma abu mai zagaye ba ya yarda da sau uku cif, kullum akwai ɗan ƙari. Shi ne 3,14 ɗin nan da 'yan lakwal ke ce ma pi. In ba ka son waƙafi ka raba faɗin gida 7, abin da ya fito ka ninka sau 22, kaga 70 ya ba ka 10, goma sau 22 kuwa 220, santi goman da ka rasa kenan. In bakin zai hau kan juna kafin walda ka ƙara santi biyu.

Kuma faɗin nan dole awonsa ya bi ta tsakiya, in ka kauce gefe ko kaɗan zai ragu. Shi ya sa nake sa ku kafa ƙusa, ku ɗaura waya tsawon rabin faɗin, 35 kenan, ku ja layi a zagaye wayar na miƙe tsam, ba da tsumma ko roba mai talewa ba.

Ka tuna fallen ƙarfen da muke saye mita biyu ne tsawonsa, don haka falle ɗaya ba ya zagaye tankin 70, iyakarsa wajen 63, sai ka yi ƙari ko ka gaya ma mai kaya tun farko.

Mutanen Damagaram kuwa ka san tambayarsu, bido nawa zai ci? Kar ka yi ka-cici-ka-cici da ruwan mutane a garin da ake bin layi a kansa. 35 sau 35, sannan sau 22 a raba 7, filin gindin ya zama 3850. Tsayi mita ɗaya, lita 385 kenan, bido 15 na lita 25 da ɗan saura. In mutum ya ce a ninka masa faɗin, ruwan sau huɗu zai zama, ka faɗa masa kafin ku yi ciniki.

Wancan da ka yanka kar ka yar, gobe da safe mu rage gindin zuwa 66 da rabi ya zauna.