Kafin Ka Taɓa Shokozoba, Fara Sanin Nauyin Kayan Motar

Jiya muna ƙarƙashin a-kori-kurar nan ka ce mini, "Oga, tunda bayanta ya zauna, kuma daji maigidan yake shiga da ita, me zai hana mu sa masa shokozoba mafi girma?" Ban amsa maka ba saboda mai motar yana tsaye a kanmu. To zauna ka ji.

Ko ka sa mata shokozoban tirela, bayan motar nan ba zai tashi ba. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi ke yanke tsayin mota daga ƙasa. Aikin shokozoba shi ne ya hana sifirin rawa bayan taya ta faɗa rami. A cikinsa akwai mai da fistan mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da mota ta yi, sai an matsa man nan ya ratsa ƙofofin, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Shi ya sa idan mota ta dawo daga doguwar gargada ka kai hannu, sai ka janye da sauri. Mai gas a ciki yana ɗan tura mota sama, amma bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka da sifirin ake farawa, shi kuwa ba a zaɓensa da ido. Ka tambayi mai mota abin da ke kanta kullum, wanda ba a saukewa: bambar ƙarfe a gaba, injin jan mota, batir na biyu, ƙarin tanki, taya biyu na ko-ta-kwana, akwatin kayan aiki. Sannan ka tambayi abin da yake lodawa jefi-jefi. Yawancinsu za su gaya maka lodin da suka taɓa yi mafi nauyi a rayuwarsu, don su burge ka. Kada ka biye musu. In da hali, a hau sikeli da motar, a auna gaba daban, baya daban.

Kowane sifirin yana da lambar taurinsa. Idan aka rubuta kilo 4 a milimita ɗaya, ana nufin kowane kilo 4 zai danne shi milimita ɗaya. Ɗora kilo 200 daidai kan aksul (ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama) mai irin wannan sifirin guda biyu: kowanne ya ɗauki 100, mota ta zauna milimita 25. Lissafin ke nan, ba wani tsafi. Wanda kayansa ba sa sauka daga mota, sifirin mai tauri ya dace da shi. Wanda kuwa kwana shida a mako motarsa wayam take, in ka sa masa mai taurin nan ka cuce shi. Bayanta zai riƙa tsalle kamar ɗan akuya, taya tana barin ƙasa, birki ba ya kamawa yadda ya kamata, a kwana kuma bayan ya nemi wuce gaba. A duwatsu ma taushi ne ke bari taya ta sauka ta taɓa ƙasa yayin da 'yar'uwarta ta hau tudu. Na taɓa yin wannan kuskuren ina yaro kamarka, mai motar bai yi mako biyu ba ya dawo yana riƙe da ƙugu.

Ka kuma duba irin sifirin da motar ta zo da shi. Land Cruiser 80 naɗaɗɗe ne gaba da baya. Ita 79 tun 1999 gabanta naɗaɗɗe, bayanta mai falle-falle, irin na Hilux. Mai fallen nan yakan zo da ƙarin falle mai kauri a ƙasa wanda ba ya shiga aiki sai an yi lodi, abin da ya dace da motar da yau cike gobe wayam. Sannan ka gaya wa kowa gaskiya: sabon sifirin ba ya ƙara adadin nauyin da kamfani ya buga a farantin jikin mota. Aksul da birki da shasi suna nan yadda suke.

Sai an gama da wannan a zo kan shokozoba, kuma tsayinsa za ka fara aunawa. Ka miƙe shi gaba ɗaya ka auna, ka matse shi gaba ɗaya ka auna. In ya yi gajere, duk sanda taya ta rataya shi zai riƙe aksul, wata rana ya tsinke kunnensa. In ya yi tsawo, zai ƙure tun kafin aksul ya taɓa robar da ke tare dukan, sai fistan ya sha dukan a madadinta, sandar ta lanƙwashe. Idan aka ƙara wa mota tsayi daga ƙasa, ko da milimita 50 da aka saba yi, dole a sake wannan awon, a duba tiyon birki bai ɗaure ba, a kai ta saitin ƙafa. Masu gaban da kowace taya ke motsi ita kaɗai ba sa son ɗagawa da yawa, robar shaf ce ke fara yagewa.

Shokozoba iri biyu za ka fi gani. Mai bututu biyu yana da taushi, kuma ko dutse ya lotsa na wajen yana ci gaba da aiki. Matsalarsa zafi: a hanyar da ta yi ƙwarya-ƙwarya kamar kwanon rufi, man yakan yi kumfa, sai shokozoba ya saki, mota ta fara lilo. Mai bututu ɗaya, irin wanda kamfanin Bilstein ya yi suna da shi, ya raba mai da iskar naitirojin da wani fistan na daban, don haka ba ya kumfa da wuri kuma yana saurin hucewa. Amma in bututun ya lotsa, ya gama. Masu ƙarin gwangwani a gefe suna ɗaukar mai da yawa, na mai gudu da lodi ne awa bayan awa. Wanda ke rarrafe a laka da duwatsu ba ya bukatarsu, ko da kuwa sun yi kyau a ido.

Wannan mutumin namu, falle biyu na ga sun miƙe a hagu. Za mu canza sifirin duka gefen biyu, shokozoba ma biyu-biyu, ba a canza ɗaya. Kada ka ƙarasa ɗaure notin bushin, wato robar da ke cikin kunnen sifirin da na shokozoba, mota tana kan jak. Sai ka sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage. Ka ce masa bayan tafiyarsa ta farko ya dawo mu sake ɗaure ƙarafan da suka rungume sifirin da aksul, domin sukan saki. Ɗauko tef, mu auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a duka huɗun kafin mu kwance komai.