Na canza filtar iskar motata, yanzu tana shan mai fiye da da

Tambaya: Malam, ina da Toyota Corolla ƙirar 2010. Na sa an cire akwatin filtar iska na asali, aka ɗaura mini filta mai siffar mazurari da faffaɗan bututu, don an ce ƙarfinta zai ƙaru. Ƙarar injin kam ta yi daɗi, amma motar tana rawa idan tana sulo, shan mai ya ƙaru, fitilar gargaɗin inji ma ta kama. Sensa ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya a ce ta lalace. Sensar da ake kira MAF, mai auna iskar da ke shiga inji, tana zaune tsakanin filta da totur. A cikinta akwai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa, iskar da ke wucewa kuma tana sanyaya ta. Da wannan ne kwamfutar mota ke sanin nauyin iskar da ta shiga, sai ta auna fetur daidai, wajen kashi 1 na mai ga kashi 14.7 na iska.

To, kamfani ya daidaita lissafin nan ne da faɗin bututunsa na asali. Da ka faɗaɗa bututun, iska ta rage gudu a kan wayar, sensa ta riƙa ba da rahoton ƙasa da abin da ya shiga. Kwamfuta sai ta yi ta ƙara mai tana gyara, har ta gaji ta kunna fitila. Idan aka jona na'urar bincike, sau da yawa lambar matsala P0171 ko P0101 za a gani. Haka ma idan tiyo bai ɗauru sosai ba a bayan sensar, iskar da ba a ƙirga ba za ta riƙa kutsawa.

Akwai kuma maiƙo. Irin waɗannan filtoci, kamar na kamfanin K&N, ana shafa musu mai, kuma idan ya yi yawa yakan manne a wayar, ƙura ta biyo baya. Wannan ya fi damuna, ganin irin ƙurar hunturu da muke sha. Ga shi buɗaɗɗiyar filta a ƙarƙashin bonet iska mai zafi take zuƙa, alhali duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100. Idan kuma aka saukar da ita ƙasa neman sanyi, ruwan damina na iya shiga injin ya lanƙwasa ƙarafansa.

Shawarata, ka mayar da akwatin asali da sabuwar filtar takarda. A ciro sensar a fesa mata maganin da aka yi don wanke MAF, ban da na kabreta, ban da fetur. Kada a taɓa wayar da hannu ko tsumma, a bari ta bushe kafin a mayar. Bakanike ya goge lambar matsalar, ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi. Sai fitilar ta dawo sannan a yi maganar sayen wata sensa.