Robine da kontar, ba allura ba

Jiya kana wanke karbirato ka tambaye ni: "Maigida, idan allurar mai ta mutu a moto, ta yaya mutum zai san esansi ya kusa ƙarewa?" Ban amsa maka nan take ba, don akwai mai moto tsaye a kanmu, kuma tambayar ta taɓa mini wani tsohon miki. Yanzu zauna ka ji, ɗana, kuma ka ajiye wayar nan.

Allura ko tana da rai ban yarda da ita ba. Wani ɗan roba ne ke yawo a kan mai cikin tanki, shi ke gaya mata abin da za ta nuna. Tankin moto kuwa ba bokiti ba ne, sama faɗi, ƙasa ya rabu biyu ya hau kan ƙarfe kamar sirdi. Shi ya sa za ka ga ta daɗe a sama tana yi maka daɗin baki, in ta sauko rabi sai ta faɗi kamar an tunkuɗa ta. Yadda ake buɗe murfi a leƙa, ko a girgiza a saurara, ba zan ɓata bakina a kai ba, ɗan shekara 10 ya sani. Sai dai kar in taɓa ganin ka haska tanki da ashana.

Abin da ke tsaron mai moto shi ne robine, ɗan famfon nan na ƙasan tanki da ke sakin mai zuwa karbirato. Ka sha ganin ON, OFF da RES a jikinsa, amma na tabbata ba ka taɓa ciro shi ka dubi cikinsa ba. Bututu biyu ne. Dogo na ON, gajere na RES, wato rezab. In mai ya sauko ƙasa da bakin dogon, moto ya fara tari, sai ka juya zuwa RES ka sha abin da ya rage a gindi, lita ɗaya da rabi ko biyu a irin 125 ɗin da muke gyara. Wannan tarin shi ne gargaɗinka. Kuma a kan wannan ɗan bututun da bai kai yatsa ba na yi asarar da har yau in na tuna abinci ba ya yi mini daɗi.

A 2012 ne, lokacin albasa, zafin watan Afrilu. Wani mai sayen albasa yana kawo mini motonsa, ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da ransa cikin garin Tahoua. Ranar ya zo a canza masa buji da baƙin mai, a ɗaure sarƙa. Na yi masa. Da na zo gwadawa sai na ga robine nasa yana ɗiga, hannun ya yi laushi, ko'ina ka juya shi mai na zuwa. Na ce masa, Alhaji, wannan robine ya gama aiki, a sa sabo, jika ɗaya da rabi ne. Ya yi dariya ya ce mu makanikai ba mu ƙoshi, kullum sai mun ƙirƙiro wani abu. Ya biya kuɗin buji, ya rage mini dala ashirin a kan aikin hannu, ya tafi.

Kwana 4 sai ga moto a bayan amalanken jaki. Ya tafi Tamaske, ya ɗauko buhu da yaronsa a baya, yana jiran moto ya yi tari ya juya RES. Moto bai yi tari ba sai da tanki ya bushe ƙaf, a tsakiyar daji, babu rezab babu komai. Suka tura har wani ƙauye, ya sami mai kwalba, ya sayi abin da aka ba shi ba tare da ya sunsuna ba. Rabinsa kananzir ne. Ya ɗora kaya, ya murɗa wuta cikin ranar nan don ya rama lokacin da ya ɓata, inji yana ƙwanƙwasa yana gaya masa, bai saurara ba. Kafin ya iso gari piston ya huje, silinda ta karce.

Ya tsaya a ƙofar garejin nan, nan inda kake zaune, yana ɗaga murya wai ni na taɓa masa tanki na lalata rezab. Mutane suka taru. Na kwance robine a gaban kowa. Dogon bututun babu shi, an karye shi tun daga tushe, wurin karayar har ya yi baƙi don daɗewa. Wani mai gyaran bakin hanya ne ya taɓa cire shi da ya toshe, maimakon ya wanke, shi ke nan ON da RES suka zama abu guda. Na nuna musu tsatsar, na ce wannan karayar ta fi wata shida. Ya rantse da Allah wai lafiya lau yake kafin ya kawo mini. Ni ina da me? Ba ni da shaida ko ɗaya cewa na gaya masa ya canza, yaron da ke wurina lokacin na aike shi sayen buji. Shi mai kuɗi ne, ni mai baƙin hannu. Dattawan unguwa suka ce a yi sulhu, a yi haƙuri, in ɗauki gyaran. Na sayi silinda, piston, sigima da juwan da kuɗina, har kuɗin mai amalanke ni na biya. Jika 60 suka tafi, kuɗin da na tara don rufin ɗakin uwar 'ya'yana kafin damina. Damina ta same mu da kwano a tsakar ɗaki muna tarar ruwa. Abin da ya fi kuɗin ciwo, ƙanensa yana da motocin kabu-kabu guda 7 da ni kaɗai ke taɓa su, a sati ɗaya aka kwashe su duka. Robine ɗin yana cikin gwangwanin nan na sama, ɗauko ka gani. Tun ranar, in na gaya wa mutum abu ya lalace ya ƙi, sai na kira maƙwabci na maimaita a gabansa.

To, ga abin da nake yi, ni da ban taɓa tura moto ba tun da na fara hawa. In na cika tanki, robine ya koma ON kafin in rufe murfi. Ba bayan na tashi ba, kafin. Rabin waɗanda ke turawa a hanyar Ƙonni, a RES suka manta shi tun shan man da ya wuce. Sannan in dubi kontar mai ƙirga kilomita in riƙe lambar. Karon farko da sabon moto ina tafiya har ya yi tari, in ga kilomita nawa ya ci. In ya ci 300, to ni a 250 nake neman mai, ba na jiran tarin kuma. Moto 125 mai lafiya yana ba ka wajen kilomita 35 zuwa 40 a lita kan kwalta. Ka shiga rairayi, ko ka ɗora buhu, ko iskar hunturu ta tare ka gaba, ko taya ba iska, ko matatar iska ta cika da ƙura, ka rage kashi ɗaya cikin uku ka huta. Tahoua zuwa Ƙonni kilomita 120 ne da 'yan kai, lita 4 ta kai ka, amma ni ba na fita da ƙasa da 6.

Yaran yanzu kuwa, wayar kontar ta tsinke shekara biyu ba a sa ba, amma akwai kuɗin fitila mai launi da salansa mai ƙara. Ku sha na dala ɗari, ku zagaya gari, ya mutu, ku kwantar da shi gefen hagu ku lallaɓo ɗan abin da ya maƙale a ɗaya ɓangaren. Dabarar tana aiki, ban ce ba ta yi ba, za ta kai ka kilomita biyu ko uku. Amma wanda ya mai da ita sana'a, duk ruwa da tsatsa da ƙasar da suka kwanta a gindin tanki yana tura su cikin karbirato, irin wanda ka wuni kana wankewa jiya. Shi ya sa nake juya nawa RES da gangan sau ɗaya a wata, cikin gari, in sassauta dunƙulen ƙasan karbirato in zubar da abin da ya taru. Gara in san rezab ɗina na aiki a ƙofar gida.

Maganar kwalba kuma, ba kowace kwalba ce lita ba, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 na ruwa-ruwa, wanda ake shigowa da shi daga can, ya daina arahar da aka san shi da ita. A 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da lita daga sefa 540 zuwa 499 a gidan mai. In kana lissafin kilomita, sha a famfo inda ka san abin da ya shiga. In dole ta sa ka sayi na kwalba a ƙauye, ɗiga kaɗan a tafin hannu. Esansi na gaske yana tashi nan da nan ya bar hannu a bushe da sanyi, mai kananzir yana barin maiƙo.

Gobe da safe, kafin ka taɓa komai, ka zuƙe man jan moton can na ɗan kabu-kabu cikin bido, ka kwance robine ka kawo mini a hannu. Ina son ka nuna mini dogon bututu da gajere da kanka, ka busa kowanne in ji. In ya zo ɗauka kuma muka ga sai an canza, ka kira mai shayi ya tsaya kusa kafin in buɗe baki.