Kwamin wanka mai ɗumama ruwa: na soket ko na haɗin waya?

Malam, ka tambaya wanne ya dace da gidanka a Damagaram, kwamin da ake jonawa a soket ko wanda ma'aikacin lantarki zai ja wa waya tun daga mita.

Wutarmu bolt 220 ce, kuma soket mai amfiya 16 ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 3,500, shi ya sa a yawancin na soket injin ɗumamawa yakan tsaya da zarar famfon tausa, mai feso ruwa da ƙarfi a jikin mai wanka, ya tashi. A watan Afrilu wannan ba damuwa ba ne, amma da sanyin Janairu ruwan zai huce kana ciki, kuma injin wat 2,000 ba ya ƙara wa lita 1,000 digiri 2 cikakku a awa guda.

Na haɗin waya yana yin aikin biyu lokaci ɗaya, sai dai yakan buƙaci layinsa na amfiya 32, wataƙila har ka nemi kamfanin wutar lantarki na NIGELEC ya ƙara ƙarfin mitarka. A ganina na soket ya wadatar da garinmu mai zafi, muddin an sa masa na'urar kariya ta miliamfiya 30 mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, ba a kuma jona shi da wayar ƙari ba.