Amsa ga mai tambaya a kan fim ɗin Jigoku

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa masu son finafinan ban tsoro suke kambama Jigoku (wato jahannama a harshen Japan), alhali tsohon fim ne da aka yi da kuɗi kaɗan, da kuma ko ya cancanci kallo. Na daɗe ina bibiyar tsofaffin finafinan Japan, kuma a ganina ya cancanta, muddin za ka yi haƙuri da farkonsa.

Nobuo Nakagawa ne ya ba da umarni, kamfanin Shintoho ya fitar da shi a 1960 yana cikin halin ni-'yasu, domin a 1961 ya durƙushe. Labarin wani ɗalibi ne, Shiro, wanda abokinsa Tamura ya buge wani mashayi da mota suka gudu, daga nan mutuwa ta riƙa bin duk wanda ya raɓe shi. Wannan sashe yana da jan ƙafa, kuma mace-macen sun yi yawa har hankali ya ƙi ɗauka.

Abin da ya ɗaukaka fim ɗin shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe, inda kowa ya mutu aka gurfana gaban Enma, alƙalin matattu a addinin Buddha. Da yake kuɗi ba su isa a ƙawata wuri ba, sai Nakagawa ya bar filin ɗaukar hoton cikin duhu, ya dogara da hayaƙi da haske ja da kore. Za ka ga hannaye suna fitowa daga ƙasa, taron mutane suna ta kewaya wuri guda ba su san inda suka dosa ba, ana yanka wani da zarto, Shiro kuma yana bin jaririyarsa da ba a haifa ba, wadda ruwa ke tafiya da ita a kan ganyen bado. Ni wannan jaririya ta fi jinin tayar mini da hankali, domin laifin Shiro shi ne shirun da ya yi, kuma shirun ya shafi wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Sunan fim ɗin ya ƙara tashi ne saboda ya nuna azabar jiki ƙarara kafin fim ɗin Blood Feast na Amurka a 1963, sannan ya daɗe yana wuyar samu a wajen Japan, har kamfanin Criterion ya fitar da shi a faifai a 2006. Ka lura akwai wasu finafinai masu wannan suna na 1979 da 1999. Na 1960 za ka nema, kuma kada ka kalle shi tare da yara.