Kwaɗi sun zuba ƙwai a ramin ruwana: amsoshin tambayoyin farkon damina

Tun da ruwan farko ya sauka, tambayoyin da ke shigowa suka koma kan kwaɗi. Haka abin yake kowace shekara tsakanin Mayu da Yuni. Kwaɗo yakan yi rani a ɓoye, cikin laka ko rami ko ƙarƙashin dutse, wasu ma su binne kansu a ƙasa wata da watanni. Da ƙasa ta jiƙa sai su fito gaba ɗaya, mazan su yi ta kuka da dare suna kiran mata, kafin gari ya waye an zuba ƙwai. Wannan fitowa ta dare ɗaya ce ta sa wasu ke cewa da ruwan sama suke faɗowa. Suna nan tare da mu tun bara.

Wani mai lambu daga wajen Zariya ya ce yana da ramin da yake tara ruwan ban ruwa. Ya wayi gari ya tarar da wasu dogayen zare masu yauƙi da baƙaƙen ɗigo a ciki, sun nannaɗe ciyawar bakin ramin. Yana tambaya ko za su ɓata masa ruwa, ko su cutar da alayyahu da tattasai.

Malam, ƙwan kwaɗo ne, irin mai kaushin bayan nan da ke shigowa tsakar gida da dare. Shi ne ke jera ƙwansa cikin zare kamar carbi, kuma mace ɗaya kan zuba dubbai a zama ɗaya. Masu santsin jiki da dogayen ƙafafu nasu daban ne: wasu ƙwansu yakan bazu a saman ruwa, wasu kuma su watsa shi ɗaiɗai a wuri mara zurfi. A zafin da muke da shi, cikin kwana biyu ko uku sun ƙyanƙyashe, ka ga 'yan baƙaƙen abubuwa masu wutsiya sun yi dafifi a gefen ramin. Gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke ci. Cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ƙafafu sun fito, wutsiya ta shanye, sun haura tudu. Kaɗan ne ke kaiwa nan, don tsuntsaye da ƙwarin ruwa sukan cinye mafi yawansu, wani lokaci kuma ramin ya ƙafe kafin su gama.

Babu abin da za su yi wa shukarka. Ka bar su. Babban kwaɗo yana kwana yana cin gara da shinge da tururuwa da gyare da tsutsar da ke fitowa da dare tana yanke dashe daga gindi. Amma kada in sayar maka da abin da babu: tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a Kadawa a 2016 cikin ganye da cikin 'ya'ya take shiga, tsutsar masara kuwa tana can cikin kan masara, kwaɗo ba ya kai musu. Taimako ne a ƙasa, ba zai hana ka duba gonarka ba. Abu ɗaya da za ka gyara shi ne bakin tiyon injin ban ruwa. Ka ɗaura masa raga mai ƙananan idanu, don kada ya zuƙe su su toshe maka.

Mai lambun ya ƙara da cewa ɗansa ya gani a intanet ana cewa ƙwan kan yi mako uku kafin ya ƙyanƙyashe. Wannan labarin Ingila ne. Can kwaɗi suna zuba ƙwai daga Janairu zuwa Maris, lokacin da sanyin hunturu ya fara sauƙi, a dunƙule cikin ruwa mai sanyi, shi ya sa komai ke tafiya a hankali, har wata uku kafin ɗan kwaɗo ya fita. Mu ruwan sama ne ke tayar da namu, kuma suna tsere da rana. Wanda ya bi lissafin can zai makara.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Wani mai ƙyanƙyasar tarwaɗa daga Kura ya ce ya zuba 'ya'yan kifi 'yan kwanaki a tafkin ƙasa, bayan wata ɗaya ya ja koma, abin da ya fito yawanci 'ya'yan kwaɗi ne, kifin bai taka kara ya karya ba.

Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. A nan kam kwaɗo abokin gaba ne, kuma ta hanya uku yake cutar ka. Na farko, 'ya'yan kwaɗin suna cinye koren ruwan da ka kashe kuɗin kashin kaji ka tayar, wanda daga shi ne ƙananan halittun da ɗan tarwaɗa ke ci suke samuwa, su kuma rarumi garin abincin da kake watsawa. Kifinka yunwa ke kashe shi alhali kana ciyarwa kullum. Na biyu, burduddugi, babban kwaɗon fadama da ake kamawa a busar a kai kasuwannin kudu. Babbansa yana haɗiye ɗan kifi, 'ya'yansa ma masu cin nama ne, suna cin duk abin da suka fi ƙarfi. Na uku akwai wani shimfiɗaɗɗen kwaɗo mai santsi, mai farata a ƙafafun baya, wanda ba ya barin ruwa sai zai canja tafki. Ba kasafai ake ganinsa ba sai an janye ruwa, kuma shi ne gwanin cin 'ya'yan kifi.

Maganin yana farawa ne kafin ka zuba ruwa. Ka janye tafkin ƙaf, ka bar shi ya sha rana har laka ta tsage. Ka sare ciyawar baki, domin a nan suke fakewa, a nan kuma suke ɗaura ƙwai. Ka watsa laim mai zafi, wato ƙonanniyar farar ƙasa, kilo 10 zuwa 15 a kowace murabba'in mita 100, a kan ƙasa mai ɗan damshi, ka fi ba da ƙarfi ga kwazazzaban da ruwa ke kwanciya. Ka sa safar hannu, ka rufe hanci da ido, don yana ƙuna. A bar shi kamar mako guda.

Sai shinge, wanda shi ne ginshiƙin aikin. A kewaye tafkin da tsohon kwanon rufi, tsayinsa ya kai santimita 80 daga ƙasa, a binne gindinsa kamar taƙi ɗaya, a haɗa gaɓoɓin kada a bar kafa. An gwada wannan a Kongo Barazabil wajen rainon tarwaɗa, tafkunan da aka kewaye suka ba da 'ya'yan kifi ninkin-ba-ninkin waɗanda aka bari a buɗe. In kwano ya yi tsada, raga mai ƙananan idanu ko kaurin leda za su yi, sai dai ɓera da rana suna huda su, dole a riƙa zagayawa. Ni na fi son kwano, saboda santsinsa ba ya hawuwa, kuma sau ɗaya za ka saya. Ruwan da zai shiga ya bi ta gidan sauro ninki biyu a bakin bututu, domin ruwan kwata yakan zo da ƙwai da 'ya'ya. Mutum ya yi shinge mai kyau ya bar bututu a buɗe, ya yi aikin banza.

Kada ka cika tafki ka bar shi mako biyu ko uku yana jiran kifi. Duk kwanan da ya ƙara, wani abu ne ke rigan kifinka kama wuri. Da ruwan ya yi kore, cikin mako guda, a zuba. Daga nan kowace asuba ka zagaya da koma, musamman washegarin ruwan sama. Ƙwan da ke cikin zare da sanda ma ana naɗe shi, kuma yau ne yake kamuwa. Jibi ya watse ya zama dubbai masu iyo. Ka zuba a bokiti ka kai wani kududdufi nesa da gona.

Wanda zai iya, ya raini 'ya'yan a tankin siminti ko na tamfol da aka rufe da raga har su kai tsayin ɗan yatsa, sannan ya kai su tafkin ƙasa. A wannan girma sun fi ƙarfin mafi yawan kwaɗi. Tarwaɗa mai rabin kilo kuwa ita ce ke farautar 'ya'yan kwaɗo, don haka masu manyan kifi su kwantar da hankalinsu.

Sai dai kada ka ɗora wa kwaɗo laifin duka. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. A kowane zubi akwai 'yan ƙalilan da ke tsere wa saura a girma, in ba ka tsame su ba, su kaɗai sun isa su rage maka rabin tafki. Ka riƙa tacewa kana ware manya. Tsuntsaye ma suna da nasu kaso, raga a sama ita ce maganinsu.

Shi wannan mai tambaya ya ce wani ya ba shi shawarar ya zuba gamalin ko fiya-fiya kafin zubi na gaba. Kada ka soma. Sinadarin gamalin an sa shi cikin jerin gubobin da duniya ta hana tun 2009, saboda ba ya ruɓewa da wuri, yana zama cikin laka, ya taru a kitsen kifi, ya ƙare a cikin tukunyar wanda ya saya. Fiya-fiya kuma tana kashe ƙananan halittun da kake son kifinka ya ci. Ruwan tafkinka ba a nan yake tsayawa ba, yana gangarawa inda shanu ke sha, yara ke wanka. Bayan haka, akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana kashe kwaɗo lokacin da wani mai magani ya nemi sa shi a magani. Bayanin hukuncin na malamai ne, amma shinge da bokiti sun raba ka da shiga wannan. Masu feshin ciyawa ma su kula: fatar kwaɗo tana shan duk abin da ya taɓa ta, wanke tankin feshi a bakin tafki yana kashe su da kifin da ke ciki.

Wata uwargida daga Maraɗi ta ce akwai ɗan kwamin siminti a gidanta da agwagi ke wanka. Kuka ya hana su barci, tana kuma tsoron sauro da maciji saboda jikoki.

Hajiya, kukan na 'yan makonni ne, da sun gama aure zai lafa. Sauro ne abin damuwa. Ana yawan cewa 'ya'yan kwaɗi suna cinye tsutsar sauro, amma na kwaɗon gida ba sa yi, ganye suke ci. Sauro kuwa daga ƙwai zuwa tashi kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. Ki sa a riƙa zubar da ruwan kwamin ana goge shi duk bayan kwana biyar, shi ke nan kin katse sauron, kin kuma katse kwaɗin, agwagin ma sukan tsince abin da ya rage. In ruwan ya fi ƙarfin zubarwa, a sa 'yan karfasa a ciki. Batun maciji gaskiya ne, akwai masu bin kwaɗi, don haka a share ciyawa, a ɗauke tarin bulo da itace daga kusa da ruwan, a fita da tocila da takalmi in dare ya yi. Yaro in ya taɓa kwaɗo ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai ido ko baki, domin kumburin bayan idon kwaɗon yana fitar da farin ruwa mai guba, shi ne ke sa kare zubar da kumfa in ya cije shi. Tsargiya kuwa ba daga kwaɗo take ba, ƙananan katantanwar ruwa ne ke ɗauke da ita. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai ƙwayar maganinta.

Na ƙarshe daga Haɗeja: kwaɗi suna faɗawa rijiyar lambu, wasu sun mutu a ciki. Ba ƙwai ya kawo su ba, damshi suka biyo suka kasa fita. A tsame mushen, a kwashe ruwan gwargwadon iko, a zuba sinadarin kulorin bisa ma'aunin da ma'aikacin lafiya zai faɗa, a tafasa na sha har ruwan ya washe. Sannan a ɗaga bakin rijiyar da bulo ya kai gwiwa ko fiye, a shafe shi da siminti, a yi masa murfin da ke rufuwa ruf.