Shukar falo da ba ta son yawan ruwa

Tambaya: Anti, duk shukar da na ajiye a falo sai ta mutu. Yanzu an ba ni wata mai kumburarren gindi da siraran ganye masu zubowa ƙasa, wai sunanta ponytail palm. Yaya zan yi da ita? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Ƙanwata, kin yi dace, ita nake fara ba duk mai koyon kiwon shuka. Asalinta busassun yankunan ƙasar Meziko ne, kuma wannan kumburin gindin ruwa take adanawa a ciki, kamar randa. Shi ya sa yawan ban ruwa ne ke kashe ta. Ki tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, in da sauran laima ki ƙyale ta. In ƙasar ta bushe ƙayau, ki zuba sosai har ya ɗigo ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Tukunyar lallai ta kasance da huji, ƙasar kuma a gauraya ta da yashi. Kada ki binne gindin. Ki ajiye ta bakin tagar da ke samun haske sosai.

Damina nake jiye miki. Ruwan Agusta na Kaduna zai iya ruɓar da ita in tana tsakar gida, don haka ki shigar da ita baranda. Da hunturu ki goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, bakin da ya bushe ki datse da almakashi. Girmanta a hankali ne, tana iya shekaru a tukunya ɗaya.